Masara Ta Yi Fumfuna, a Ba Kaji?

Tambaya: Malam, masarata ta yi fumfuna kore-kore a cikin buhu. In na wanke na shanya, zan iya niƙa wa kajina? Daga wata mai kiwon kaji, Funtuwa.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ba su. Irin wannan fumfunar tana iya haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda wanki ko dafuwa ba sa kashewa. Hantar kaji take ci, ƙwai ya ja baya. Ko masara fes tana iya ɗauke da ita, sai gwajin ɗakin bincike ke tabbatarwa. A 2004 gubar ta kashe mutum 125 a Kenya.

Ni dai kafin in ɗinke buhu, nakan zuba ɗan hatsin da busasshen gishiri a kwalba, in girgiza. In gishirin ya manne jikin kwalbar, da sauran danshi, sai masarar ta koma rana.