Azumin rage ƙiba ya hana ni barci, a ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fara tsarin rage ƙiba da ake kira 16:8. Ba na cin komai sai ƙarfe 2 na rana, in rufe baki ƙarfe 10 na dare. Da safe baƙin shayi nake sha ba sukari, wani lokacin har kofi uku, bayan la'asar in ƙara ɗaya. Nauyina ya ɗan ragu, amma barcina ya lalace. Sai in daɗe ina juyi kafin barci ya ɗauke ni, wajen ƙarfe 3 kuma in farka da ƙwannafi ko fitsari, daga nan ido biyu har assalatu. Azumin ne bai karɓe ni ba, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Daga bayaninki, ba awa 16 da kike yi ba ci ne babban mai laifi ba. Inda kika ajiye awa 8 na cin abincin ne, sai kuma shayin da kike toshe yunwa da shi.

Jiki yana da agogonsa. Babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, hasken da ke shiga ido ne yake saita shi. Amma hanta da hanji da gaɓar da ke fitar da insulin (sinadarin da ke daidaita sukarin jini) suna da nasu ƙananan agogunan, su kuma lokacin cin abinci suka fi bi. Kimanin awa 2 kafin lokacin da kika saba kwanciya, ƙwaƙwalwa takan fara sakin sinadarin melatonin, zafin cikin jiki ya fara sauka, insulin ma ya rage fita. Jiki ya fara kintsa barci ke nan. A daidai wannan lokacin ne ke kuma kike zama gaban malmalar tuwon shinkafa biyu da miyar taushe mai maiƙo, don wanda ya wuni da yunwa har ƙarfe 2 galibi da dare yake ramawa. Narkar da abinci yana ƙara wa jiki ɗumi a lokacin da yake son ya huce, sukari kuma ya fi daɗewa a jini da dare fiye da yadda zai yi da rana. Abinci mai nauyi da maiƙo yakan kai awa 3 zuwa 4 kafin yawancinsa ya bar ciki. In kika kwanta ƙarfe 10 da rabi, cikin yana cike, ruwan asid ɗinsa kuma ya samu hanyar haurowa zuwa maƙogwaro. Ƙwannafin da ke tashinki ke nan.

Shayin kuwa, kofi ɗaya na baƙin shayi yana ɗauke da kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, kimanin miligiram 40 zuwa 50, gahawa ta fi haka, goro da lemon ƙarin kuzari ma suna da shi. Jikin babba yakan ɗauki kusan awa 5 kafin ya fitar da rabin abin da ya sha. Kofin da kika sha ƙarfe 5 na yamma, rabin ƙarfinsa yana nan ƙarfe 10, ga ragowar na safe. Idan kina shan ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da sinadarin istirojin, kafeyin ɗin yana iya daɗewa kusan ninki biyu. Ko barcin ya zo, ba ya yin nauyi, ƙaramin motsi sai ya tashe ki.

Fitsarin dare a makonnin farko ba abin mamaki ba ne. Hanta tana ajiye sukari kimanin giram 100, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da jiki ya fara cin wannan ajiya sai ruwan ya saku, kuma saukar insulin tana sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa fiye da da. Wani ɓangare na nauyin da aka ga ya ragu da farko ma ruwan nan ne. Akwai kuma kuskuren da masu sabo da azumin ibada suke yi: su ƙi shan ruwa da safe, su tara shi duka sai dare. Wannan tsarin bai hana ruwa ba. Ki sha yawancin ruwanki daga safe zuwa la'asar, awa 2 kafin kwanciya ki koma kurɓa kawai.

Gyaran da muke ba ki shawara shi ne ki matso da lokacin cin abincin ya zama da wuri, amma kada ki yi shi rana ɗaya. Ki riƙa matsar da shi da awa ɗaya duk bayan kwana 2 ko 3, har ki tsaya a ƙarfe 11 da rabi na safe zuwa 7 da rabi na dare. Mun zaɓi wannan ne don ya bar miki cin abinci da iyali bayan magariba, ya kuma bar tazarar awa 3 kafin kwanciya. Abinci mafi nauyi ya koma na rana, tuwon ko shinkafar a ci su da azahar. Na dare ya zama mai riƙe ciki ba tare da cika shi ba: faten wake, alale, kwaɗon zogale, dafaffen ƙwai biyu, gasasshen kifi, ko kindirmo ba sukari. Soye-soye da yaji mai yawa da lemon kwalba a bar su da dare. Shayi ya tsaya kafin ƙarfe 1 na rana, ki riƙa rage kofi ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, don yanke shi gaba ɗaya lokaci guda yana kawo ciwon kai. Asabar da Lahadi ma ki riƙe lokutan nan, yawan sauya su shi ke rikita agogon.

Kada kuma a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Masu rufe baki tun ƙarfe 4 na yamma, da masu tsarin 5:2 da ke cin kalori 500 zuwa 600 kacal a ranaku biyu na mako, su ma suna kukan rashin barci, sai dai nasu na yunwa ne. Idan sukarin jini ya yi ƙasa, wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin oreksin sukan ƙara aiki, aikin oreksin kuwa shi ne riƙe mutum a farke. In kika ga yunwa ce ke tashinki bayan gyaran, ki sassauta zuwa awa 14 ba ci, awa 10 na ci. A ganinmu awa 14 da barci mai kyau ta fi awa 16 da juyi amfani nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, wani ƙaramin bincike da aka yi a Jami'ar Chicago, aka wallafa a 2010, ya gwada mutane masu rage cin abinci da barcin awa 8 da rabi, sannan da awa 5 da rabi. Da barcin ya gajarta, kitsen da suka zubar bai kai rabin na lokacin da suke samun isasshen barci ba, yunwarsu kuma ta ƙaru.

Azumin a karan kansa ba a same shi da laifin ɓata barci ba. Gwaje-gwajen mai bincike Krista Varady a Jami'ar Illinois da ke Chicago kan masu cin abinci cikin awa 8 ba su nuna barci ya gyaru ko ya lalace ba. Binciken Farfesa Ahmed BaHammam na Jami'ar Sarki Sa'ud a Riyadh kan watan Ramadan shi ma ya karkata ga cewa jinkirin kwanciya da cin dare su ne suka fi haddasa gyangyaɗin rana.

Kafin gyaran ya kankama, ki kwanta ta gefen hagu, ya fi rage ƙwannafi. Ki ɗaga kan gadon da santimita 15 zuwa 20, da bulo ko katako a ƙarƙashin ƙafafunsa biyu na sama. In katifa ce a ƙasa, a cusa abu a ƙarƙashinta ta wajen kai. Tara matasan kai ba ya yi, lanƙwasa ki zai yi ya matse cikin. Da hantsi ki fita tsakar gida ki samu hasken rana na minti 15 zuwa 20. Ƙailula kada ta wuce minti 30, kuma a yi ta kafin la'asar.

Ba ki faɗa mana ko kina da wata lalura ba. Mai ciki da mai shayarwa da mai gyambon ciki su dakata da wannan tsarin har sai sun ga likita. Idan fitsarin daren ya zo da ƙishirwa mai yawa kuma bai ragu ba bayan mako 2 zuwa 3, ki je a gwada miki sukari. Idan maigida ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi yana ɗaukewa, wannan wata lalura ce daban da ake dubawa a asibiti. Mai ciwon sukari da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage sukari irin su glibenclamide kuwa, farkawa tsakar dare da gumi, rawar jiki, bugun zuciya ko munanan mafarkai alama ce ta faɗuwar sukari. In na'urar gwada sukari ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, ya narka ƙaramin cokali 3 zuwa 4 na sukari a ruwa ya sha nan take, ya sake gwadawa bayan minti 15, kuma kada ya koma azumin sai likitansa ya sake duba adadin maganin.