Bindigar Tsaron Gida a Amurka: Ta Wane Kamfani Zan Saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina zaune a Houston ta jihar Texas da iyalina, ina da katin zama na dindindin. Fashi ya yi yawa a unguwarmu, har na yanke shawarar sayen ƙaramar bindiga, irin mai ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Kuɗina bai wuce dala 700 ba. An nuna mini Glock 19, da Smith & Wesson M&P, da SIG Sauer P320, da Canik. Wani aboki ya ce Canik zan saya dole tunda ta Turkiyya ce, kuɗina ya tafi hannun Musulmi. Shin ajiye bindigar ya halatta? Kuma wacce ce daga cikinsu shari'a ta fi so?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ajiye makami don kare rai da iyali da dukiya halal ne. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwace masa dukiya. Ya ce kada ya ba shi. Mutumin ya ce, in mai ƙwacen ya yaƙe shi fa? Ya ce ya yaƙe shi, in an kashe shi ya yi shahada. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun ce a fara yi wa mahari gargaɗi in hali ya yi, kuma a kore shi da mafi sauƙin abin da zai kore shi. Wanda tsawa za ta kora ba a harbe shi, wanda ya juya da gudu ba a bin sa da harsashi.

Halaccin yana rataye da dokar inda kake, domin da alƙawari ka shiga ƙasar, Allah kuma ya ce a cika alƙawura a farkon Suratul Ma'ida. Mai katin zama na dindindin yana iya saye a wurin dillali mai lasisi in ya kai shekara 21, ya cika fom mai lamba 4473, aka bincika tarihinsa. Mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu keɓantattun halaye. Kada wani ɗan gari ya roƙe ka ka sayo masa da sunanka: ƙarya ce a shari'a, babban laifi ne a dokarsu.

Maganar abokinka kuwa kyakkyawar niyya ce, amma ba hukunci ba ce. Annabi (SAW) ya ari sulke a wurin Safwan ɗan Umayya lokacin yaƙin Hunain, alhali Safwan bai musulunta ba tukuna. Ya kuma rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Saboda haka addinin maƙeri ba ya halatta makami, ba ya haramta shi. Canik ana ƙera ta a birnin Samsun na Turkiyya, kuma an san ta da sauƙin kuɗi. In ka saye ta don ta dace da hannunka, ka haɗa da niyyar taimakon 'yan'uwa, za ka samu ladan niyyarka. Amma kalmar "dole" babu ita.

Abin da shari'a take dubawa a cikin zaɓin shi ne jinin da zai iya zuba ba da hakki ba. Buhari da Muslim sun ruwaito umarnin cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibiyoyi ya riƙe tsininsu, kada ya ji wa wani Musulmi rauni. Kibiya ke nan, wadda sai an ɗana ta an ja baka. To ina ga ƙarfen da ɗan yatsan yaro zai iya tayarwa? Don haka ma'aunin farko shi ne bindigar da ba ta tashi sai an ja kunamarta, kuma ba ta ƙin tashi ranar da ake bukata.

A kan wannan ma'auni ga abin da nake gani, kuma ra'ayi ne, ba nassi ba. Glock 19 ta kamfanin Ostiriya ce, ta fito a 1988, tana cin harsashi 15 na milimita 9. Shekaru sama da talatin 'yan sanda na ƙasashe da yawa suna aiki da ita, kayan gyaranta da kubenta kuma suna ko'ina. Sai dai ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kariyarta a jikin kunama da cikin bindigar take. M&P, wadda sabon zubinta ya fito a 2017, ana samun ta da wannan makulli, abin da sabon shiga kan samu natsuwa da shi. Ita kuwa P320 rundunar sojan Amurka ta zaɓe ta a 2017, amma a shekarar kamfanin ya buɗe shirin gyara saboda rahotannin tana tashi in ta faɗi ƙasa. Daga baya mutane da dama sun kai ƙara cewa ta tashi ba a taɓa kunama ba, har kotu a Filadelfiya ta yanke diyyar dala miliyan 11 a 2024. Kamfanin yana musanta cewa bindigar na da aibi, ni kuma ba zan ce sayenta haramun ne ba. Amma kai sabo ne, da yara a gida, ga wasu a kusan farashi ɗaya da babu wannan ce-ce-ku-ce a kansu. Hadisi ya ce ka bar abin da kake kokwanto zuwa wanda ba ka kokwanto. Da ni ne, tsakanin Glock 19 da M&P zan tsaya, in je filin koyon harbi inda ake ba da haya, in gwada kowacce, in ɗauki wadda hannuna ya fi riƙewa.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro, wanda ba ka tambaya ba. Kada dala 700 ɗin nan ta ƙare a kan bindigar kaɗai. Ka ware kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli, da kuɗin malamin harbi, da harsashin gwaji. Ga mai yara a gida, kulle makami wajibi ne, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna a 2021 bindiga ta kashe mutum sama da 48,000 a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Tun 2020 kuma bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. In akwai mai fama da ciwon damuwa a gidanka, ko kai da maiɗakinka kuna yawan rikici mai zafi, ko ka san kanka da saurin fushi, to fatawata gare ka ta canja: kada ka saya, ka ƙarfafa ƙofofi, ka sa kyamara, ko ka sauya unguwa. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffara, kamar yadda aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta bayyana, kuma sakacin ajiya yana jawo wa mai makami lamuni.

Texas ta ba da damar yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi tun Satumbar 2021, amma hakan bai ɗauke maka koyo ba. Kuma ko da wasa kada ka nuna wa mutum bakinta, ko ka tabbata babu harsashi. Annabi (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya ce mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. In za ka biya da katin bashi, ka biya duka kafin ruwa ya hau.

Ga masu karatu a gida Najeriya, wannan amsa ba taku ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta da Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininta. Haka kai mai tambaya, kada ka sako ta a kaya in za ka zo ganin gida.

Wallahu a'alam.