Ta Yaya Ake Gano Musabbabin Faɗuwar Ƙaramin Jirgi Idan Babu Baƙin Akwati?

Tambaya: Ni mazaunin Kurna ne, kullum muna jin ƙugin jirage suna tashi suna sauka. Wani lokaci a kan ce ƙaramin jirgi ya faɗi dab da filin jirgi, kowa a ciki ya rasu, kuma ba shi da baƙin akwati. To ta yaya ake gano abin da ya jawo, kuma me ya sa a kan shekara ba a ji sakamako ba?

Amsa: Malam, damuwarka tana kan hanya, domin Kanawa ba su manta da 4 ga Mayun 2002 ba, ranar da jirgin kamfanin EAS ya rikito kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa daga filin jirgin Malam Aminu Kano, mutum fiye da ɗari suka rasu. Wancan babban jirgi ne, amma dalilin da ke sa haɗari ya fi aukuwa kusa da fili ɗaya ne: lokacin tashi da sauka jirgi yana ƙasa-ƙasa, gudunsa kaɗan ne, idan wani abu ya ɓaci matuƙi ba shi da sararin gyarawa. A jirgi mai inji ɗaya, injin na mutuwa bayan tashi zuciya kan raya wa matuƙi ya juyo ya koma titin da ya baro, kuma a wannan kwanar ce gudu kan ƙare, fiffike ya kasa ɗaukar jirgin, ya faɗo da ka. Zafin watan Afrilu a Kano yana rage kaurin iska har jirgi ya buƙaci doguwar tafiya kafin ya ɗaga, hazon hunturu kuma yana rufe wa matuƙi titi.

Gaskiya ne doka ba ta tilasta wa yawancin ƙananan jirage ɗaukar baƙin akwati ba, wato na'urar da ke naɗar bayanan tafiyar jirgi da muryar matuƙa, sai dai tarkacen kansa shaida ne ga wanda ya iya karanta shi. Jami'an hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin tsohuwar hukumar AIB, sukan fara da tabbatar da cewa hanci da jela da fikafikai biyu duk suna wuri ɗaya, domin idan aka tsinci wani sashe can nesa, alama ce jirgin ya soma wargajewa tun a sama. Daga nan sai farfela. Idan injin na aiki da ƙarfi sa'ad da jirgin ya bugi ƙasa, za a ga rassanta sun murɗe, gefensu ya yi giɓi-giɓi, har ta bar sara a jere a kan ƙasa. Idan kuwa ya riga ya mutu, galibi sukan lanƙwashe baya kawai. Ko ƙwan fitilar gargaɗi ba a raina shi, saboda zaren cikin ƙwan da ke ci da zafi miƙewa yake yi idan ya sha bugu, mai sanyi kuwa tsinkewa yake yi. Ana ɗibar mai a duba ko ruwa ya shiga, a saurari maganar matuƙi da hasumiyar kula da jirage, a karɓi bayanan yanayi daga NiMet, a bi littafin gyaran jirgin da na awannin matuƙi, likitoci kuma su binciki gawarsa.

Shi ya sa abin da ya fi cutar da bincike shi ne cincirindon jama'a. Ceton rai yana gaba da komai, amma wanda ya tsinci ɗan ƙarfe ya sa a aljihu, wataƙila kusar da ta kwance ce ya tafi da ita.

Batun jinkiri kuwa, ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ita ce a fitar da rahoton farko cikin kwana 30, wanda ke bayyana abin da aka gani kawai ba tare da yanke musabbabi ba, cikakken rahoto kuma cikin wata 12 idan ya yiwu, in bai samu ba a riƙa fitar da bayanin inda aka kwana duk shekara. Sau da yawa sai an tura injin ƙasar da aka ƙera shi an kwance shi a gaban masu bincike, sannan a ba ƙasashen da abin ya shafa daftarin rahoton su yi tsokaci. Manufar binciken hana maimaituwa ce, ba ɗora laifi ba, neman diyya kuwa hanyarsa daban ce. A ganina shekara ɗaya ba ta yi yawa ba, amma idan ta wuce hukuma ta yi gum, iyalan mamata suna da haƙƙin su nemi wannan bayani na shekara-shekara.