Me ke cin kuɗin kiwon lafiyar sojojin Amurka?

Tambaya: Na ji ana cewa Amurka na kashe biliyoyin daloli duk shekara wajen duba lafiyar sojojinta. Raunukan yaƙi ne ke cin wannan kuɗi? Kuma yaya suke rage shi ba tare da an cuci soja ba? Daga wani tsohon soja a Kaduna.

Amsa: Yallaɓai, raunin fagen fama ƙaramin kaso ne. Inshorar lafiyarsu, wato TRICARE, tana ɗauke da mutum sama da miliyan 9, alhali sojojin da ke bakin aiki kusan miliyan 1.3 ne. Mafi yawan sauran iyali ne da 'yan fansho. Haihuwa, hawan jini, ciwon suga, larurorin tsufa, nan kuɗin ke zurarewa. Daga kusan dala biliyan 19 a 2001, kafin shekara goma lissafin ya doshi biliyan 50, har sakataren tsaro Robert Gates ya koka a 2010 cewa kuɗin magani na neman cinye ma'aikatarsa.

Da hannun siyasa a ciki. A 2001 aka faɗaɗa tsarin ga tsofaffin sojoji masu shekara 65 zuwa sama. Shi kuwa ɗan fanshon da bai kai nan ba, a wancan lokacin dala 460 yake biya a shekara shi da iyalinsa, kuma daga 1995 har 2011 ba a ƙara ko sisi ba. Wane ɗan majalisa ne zai so a ce shi ya taɓa aljihun tsohon soja?

Sai aka koma toshe ɓaraka. A da sojan ƙasa, na ruwa da na sama kowa da asibitocinsa da ofishin sayayyarsa. A 2011 aka haɗe asibitin sojan ƙasa na Walter Reed da na sojan ruwa da ke Bethesda, a 2013 aka kafa hukuma ɗaya ta lafiyar sojoji, daga baya aka miƙa mata asibitocin duka. Magungunan yau da kullum kuma aka karkata su ta gidan waya, don ya fi araha. An kuma kama ɓarayi: a 2015 kuɗin man shafawa na ciwo da wasu kantuna ke haɗawa ya haura dala biliyan ɗaya, akasari da takardun likita na cuwa-cuwa. Da aka tsaurara tantancewa, nan da nan kuɗin ya faɗo.

Inda nake ganin sun yi garaje shi ne tura marasa lafiya asibitocin kuɗi na farar hula. A takarda an yi tsimi, amma asibitin bariki ya zama fayau, albashi da kuɗin wuta kuwa suna nan. Likitan tiyatan da ke wata guda bai yi babban aiki ba, hannunsa sanyi yake yi, kuma shi za a tura ranar da aka kawo yaro da harsashi a ciki. Shi ya sa a ƙarshen 2023 ma'aikatar tsaron ta ba da umarnin a ƙara ma'aikata a asibitocin soja, a jawo marasa lafiyar su dawo.