Amsa ga ƙanwata kan littafin nan da ya hargitsa mana gurup

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa mata. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Ƙanwata, ke da kika yi mini tambaya jiya, ba share ki na yi ba. Tun safe ina kan keke, ɗinkin biki ya taru mini, ga zafin Garwa na watan huɗu da ba ya barin mutum ya tattara hankalinsa. Yanzu na yi la'asar na zauna. Tunda a gaban kowa kika tambaya, bari in amsa miki a gaban kowa.

Ga wadda ba ta bi zancen ba: makon jiya wata 'yar uwa ta turo shafukan kyauta na wani littafin Hausa irin waɗanda ake sayarwa ta waya. Labarin matar aure ne, shekara 7 a ɗaki, miji ya daina kallonta, yana da wata a waje, ita ma daga baya ta faɗa hannun abokinsa. Marubuciyar ba ta sakaya komai ba, abin da ake yi bayan an rufe ƙofa ta zayyana shi ɗaya bayan ɗaya. Nan fa gurup ya kama da wuta. Wasu na cewa maganinsa ke nan, wasu na ja wa marubuciyar Allah ya isa, mutum 3 suka fice. Ke kuma kika ce, Anti, ni na biya na karanta har ƙarshe, na yi ta kuka, shin na zama mutuniyar banza ke nan?

A'a ƙanwata, ba ki zama ba. Amma kuma ba zan ce miki littafin nan alheri ba ne. Ki saurare ni har ƙarshe.

Ni ma na karanta shafukan kyautar, ba zan ɓoye ba. Sai dai abin da ya hana ni barci ba littafin ba ne, maganganunmu ne a kansa. A cikin gurup kusan kowa tsinuwa take yi. Amma daga daren ran nan zuwa jiya, mata 6 daga cikinmu suka bi ni ta bayan fage, kowacce ba ta san da 'yar uwarta ba, kuma maganarsu kusan ɗaya ce: Anti, wallahi kamar a ɗakina aka zauna aka rubuta. Ba zan faɗi suna ba har in koma ga Allah. Abin da nake so ku lura da shi, ko ɗaya a cikinsu ba ta ambaci wurin batsar ba. Duk wuri ɗaya suka nuna. Wurin da matar ta yi wanka, ta turara jikinta da turaren wuta, ta shafa humra, ta rufe tuwo a kwano ta zauna jira. Ƙarfe ɗayan dare miji ya shigo, bai kalli kwanon ba, bai kalle ta ba, ya kwanta ya juya wa bango fuska, hasken waya na haska masa ido yana murmushi shi kaɗai. Nan ne suka yi kuka. Na tabbata ke ma nan ne.

To wannan ba ƙarya marubuciyar ta yi ba, ta taɓa wurin da yake ciwo. Mu nan arewacin Kamaru mun san shi fiye da kowa. Mata nawa ne a gurup ɗin nan mazajensu direbobin manyan motoci ne, su ɗauki kaya a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere, su bi ta nan Garwa, su wuce Marwa, su kai Kusiri, su tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena? Sati biyu, sati uku ba ya gida. In ya dawo a gajiye yake, ko kuma an riga an gajiyar da shi a hanya. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa, ina roƙon kada a ɗauki maganata a yi wa bayin Allah kuɗin goro. Amma wadda abin ya same ta, wa za ta faɗa wa? In ta je gida, uwa ta ce yi haƙuri. In ta je wurin gwaggo, ta ce munyal, wato haƙuri da juriya, kamar yadda maƙwabtanmu Fulani ke faɗa. Ci da sha yana ba ki? Yana ba ni. Sutura fa? Yana yi. To me kike nema kuma? Ita kuma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki ta ce abin da take nema ba. Sai ta dawo ɗaki, dare ya yi, ta buɗe waya, ta tarar da wata a Kano ko Kaduna ta rubuta abin da ta kasa faɗa. Yaya ba za ta manne ba?

Inda na raba hanya da littafin shi ne maganin da ya ba ta. Ya gano ciwon daidai, sai ya miƙo guba a cokali.

Ku duba yadda aka ƙera kwarton nan a labarin. Ba ya biyan kuɗin haya, ba ya kai yaro asibiti da tsakar dare, ba ya gajiya, ba ya wari, kullum bakinsa zuma. Ina aka taɓa yin namiji haka? Shi wanda yake zuwa na awa biyu ya tafi dole ya fi wanda ke ɗauke da buhun masara da kuɗin makaranta daɗin baki. Sannan a ƙarshe, kamar yadda kika ba ni labari, shafi biyu kacal aka ba tuba, bayan shafi sama da 100 ana jin daɗi. Wace zuciya ce za ta riƙe shafi biyun ta manta da ɗarin?

Ni na san abin da nake faɗa, don ya taɓa cin gidana. Shekarun baya, lokacin da Baban yara ke yawan tafiya Cadi sayo kaya, na faɗa karatun irin waɗannan. Ban taɓa saɓa masa da kowa ba, Allah ne shaida. Amma na wayi gari komai ya yi haushi yake ba ni. Yadda yake tauna abinci, yadda yake kiran sunana, shirun da yake yi in ya gaji. Ina auna shi da wani mutum da babu shi a duniya. Wata rana ya dawo daga tafiya, ƙura har cikin gashin ido, ya miƙo mini leda da dilka da turare da ya sayo mini a kasuwar Njamena, na karɓa da hannu ɗaya idona na kan waya. Ya tsaya ya dube ni, bai ce komai ba, ya fita. Wannan kallon har yau yana raina. A daren na goge duk abin da ke cikin wayar.

Akwai kuma abin da ban ji kowa ta faɗa ba, wato hannunmu a cikin rubutun. Littattafan nan ba a gama su kafin a sake su. Shafi-shafi ake turowa kullum, marubuciya na zaune tana karanta sharhin masu karatu. Ranar da ta rubuta hira tsakanin mata da uwar miji, sharhi 10. Ranar da ta rufe ƙofar ɗaki, sharhi ya cika waya, ana ta ci gaba, ƙara mana, kin iya. Daidai inda numfashi ya tsaya sai ta ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son ci gaba ta biya. Mu nan mu nemi mai canji ko mu tura sefa 500 ko 1000 ta Orange Money a shigar da mu gurup ɗin kuɗi. Tsakanin shafi da shafi ga tallar kayan mata. Kun ga ashe kasuwa ce, kuma ɗan kasuwa abin da ake saye yake kawowa. Har mai tsinuwar ma talla take yi mata, don duk wadda ta ji ana Allah ya isa sai ta so ta ga me aka rubuta. Shi ya sa na ce kafin mu tsine wa yarinyar da ta rubuta, mu tambayi kanmu wa ya yi ta tura mata kuɗi da tafi.

Wani abin da ya ƙona mini rai kuma, ku tuna littafin da aka turo kafin azumi, wanda miji ke bin yarinyar da ke yi musu aiki. Me muka ce a lokacin? Dariya aka yi ta yi. Aka ce ai matar ce ƙazama, ba ta gyara, ita ta ja. Ba wadda ta fita daga gurup. Yau da mace ta yi, sai ga la'ana kamar ruwan Agusta. 'Yan uwa, a ina muka samo wannan ma'aunin? Allah ya ce kada ku kusanci zina, a Suratul Isra'i aya ta 32, bai ware namiji ba. A Suratun Nur, aya ta 2, mace da namiji aka ambata tare, hukunci ɗaya. Ko dokar ƙasar nan ma ta gyara wannan. Da, ba a kama miji sai in a gidan aurensa ya yi ko ya mayar da abin ɗabi'a, amma tun gyaran dokar laifuffuka na 2016 sashe na 361 ya haɗa su duka, ɗaurin wata 2 zuwa 6 ko tarar sefa 25,000 zuwa 100,000. In za mu ƙi abu, mu ƙi shi ko waye ya yi. Ita ma mai cewa maganinsa ke nan, 'yar uwa, ki sake tunani. Ramuwar da za ta ci mutuncinki, ta ci na 'ya'yanki, ta sa a riƙa nuna su a unguwa, ba shi kika rama wa ba. Garwa ba ta da girman da za ta ɓoye irin wannan, ɗan moton da ya kai ki ma ya san gidanku.

Masu cewa a hana kawai a huta, na ji ku, amma hani kaɗai an gwada shi. Mu da muka girma da littattafan Kano na takarda, waɗanda 'yan kasuwa ke shigo da su ta Mubi da Yola muna karɓar haya, mun tuna. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma har ƙona littattafan soyayya aka yi a bainar jama'a lokacin Gwamna Shekarau. Waɗancan ma in an kwatanta da na yau ai salihai ne. Me ya biyo baya? Rubutun ya bar takarda ya shige waya, inda babu mai tace shi, babu kan iyaka, babu ɗan duwan, wato jami'in kwastam. In dai ƙishirwar na nan, za a sha ko daga kwata ne.

Kuma ba dole sai an tuɓe mutane za a faɗi ciwon aure ba. 'Yar Marwa ce Djaïli Amadou Amal, nan kusa da mu. Ta rubuta auren dole da kishi da dukan mata da wannan munyal ɗin da ake ɗura mana, ba ta mayar da shi abin tayar da sha'awa ba, kuma littafin ya ci kyautar Goncourt ta 'yan makarantar lise, wato babbar sakandare, a Faransa a 2020. Masu jin Faransanci a cikinmu da yawa sun karanta. Wasu sun ji haushinta, sun ce ta tona asirin gida, amma ba wadda ta ce ta gama karantawa ta ji tana sha'awar namijin wata.

Ra'ayina game da gurup, admin ki ji ni: kada a sake turo irin wannan a nan. Muna da 'yan mata da ba su yi aure ba, muna da 'yan lise, kuma yawancinmu yaranmu na ɗaukar wayoyinmu su yi wasa. Allah ya yi gargaɗi mai tsanani a Suratun Nur, aya ta 19, ga masu son alfasha ta yaɗu cikin muminai, ba na so ɗayanmu ta shiga ciki saboda danna tura. Amma 'yar uwar da ta turo kada a wulaƙanta ta, an faɗa mata ta ji, ya isa. Ukun da suka fita ni zan kira su da kaina yau da dare.

Sannan in mun rufe wannan ƙofar, wajibi ne mu buɗe wata. Matan nan 6 suna nan, ciwonsu bai tafi ba don an goge littafi. Haƙƙin shimfiɗa haƙƙi ne a Musulunci, ba rashin kunya ba ne mace ta nema. Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce in an ji tsoron ɓaraka a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. In abin ya ƙi, akwai alƙali a fadar Lamiɗo, akwai hul'i. Muna da malama a gurup ɗin nan, ina roƙonta ta ware mana dare ɗaya a sati, duk mai damuwa ta turo wa admin a ɓoye, a karanta ba suna, a ba ta amsa ta ilimi. Mu manya kuma mu daina sallamar yara da yi haƙuri tun ba mu ji ƙarshen maganarsu ba. Ni kaina na yi wa 'yar ƙanwata haka bara, ta zo da magana a bakinta na tare ta da nasiha, ta koma da abinta. Jiya na kira ta na ba ta haƙuri.

Ke kuma ƙanwata, ki fita daga gurup ɗin kuɗin nan yau, ki goge abin da kika sauke, ki yi istigfari, Allah mai gafara ne. In kukan da kika yi na tausayin matar labari ne kawai, to shi ke nan. In kuwa kwanon tuwon nan naki ne, kada ki amsa mini a nan. Gobe bayan azahar yaran shago suna tafiya islamiyya, ni kaɗai nake har la'asar. Ki zo da atamfa a hannu kamar mai kawo ɗinki, ba wanda zai tambaye ki komai. Wassalamu alaikum.