Ɗana Ya Kafe Sai Aikin Injin Jirgin Ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana ya gama sakandare, ya kafe sai makarantar jiragen ruwa ta Oron, wai injiniyan jirgi yake so ya zama. Yaron nan ko iyo bai iya ba, teku kuwa sai dai a talabijin. Aikin soja ne? Yaya sallarsa da abincinsa? In ya gama, akwai aikin kuwa?
— Wata uwa daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwantar da hankalinki, ba soja ba ne. Jiragen 'yan kasuwa ne masu dakon mai da kwantena da hatsi. Sai dai makarantar, wadda ke Jihar Akwa Ibom, akwai horo irin na bariki: kaki, aski, fareti da sassafe. Iyo kuwa kada ya dame ki. Kafin ya taka jirgi sai an koya masa faɗawa ruwa da rigar ceto, da kashe gobara, da agajin gaggawa. Abin da za ki fara yi shi ne ki kai shi a duba idonsa da kunnensa, don mai matsalar bambance launi yakan faɗi gwajin likita.

Ni ɗakin inji na yi rayuwata, kuma gaskiya ba wurin ɗan gata ba ne. Babban injin kansa ya kai tsayin bene mai hawa uku, zafi yakan wuce digiri 40, ƙara kuwa sai da abin toshe kunne, magana ta koma ta hannu. Ɗalibi shi ne na ƙasan kowa. Shi ke wanke matatar mai, yana kankare daskararren baƙin mai har ya shige masa ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Shi ke zagayawa da tocila yana duba ma'aunin zafi da matsin mai yana rubutawa. Injiniya na biyu zai nuna masa bututu ɗaya ya ce bi shi har inda ya ƙare, ka zano min. Haka zai yi ta rarrafe ƙarƙashin dandamalin ƙarfe, ya fito baƙi ƙirin. Da haka ake sanin jirgi. Inda ake tsaron karɓa-karɓa, awa 4 ne a bakin aiki, awa 8 hutu, dare da rana.

Salla ba wanda zai hana shi, amma jirgi na juyawa alƙibla na juyawa, don haka yakan tambayi masu tuƙi. Abinci kuma tun ranar farko ya gaya wa kuku ba ya cin alade.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi. Takardar makaranta kaɗai ba ta mai da mutum injiniyan jirgi. Yarjejeniyar duniya ta STCW kan horar da ma'aikatan jiragen ruwa, wadda aka ƙulla a 1978, ta shardanta horon aikin hannu na wata 12, aƙalla 6 daga ciki a ɗakin inji cikin teku, ana sa masa hannu a littafin horo. Sannan ne zai zauna jarrabawar lasisi, wadda a Najeriya hukumar harkokin jiragen ruwa, NIMASA, ke kula da ita. To, jirgin da zai ɗauke shi ɗin ne wahala. Tun da kamfanin jiragen gwamnati, NNSL, ya rushe a 1995, gurbin ɗalibai ya yi ƙaranci ƙwarai. Na san yara masu ƙwaƙwalwa da suka gama karatu suka shekara da shekaru a gida suna jira, wasu har suka koma gyaran janareto.

Don haka, Hajiya, ko Oron ce, ko jami'ar jiragen ruwa ta Akara a Ghana, kafin ku biya sisi mahaifinsa ko kawunsa ya je ya tambaya ƙiri-ƙiri: ɗaliban da suka gama bara, nawa ne suka hau jirgi, kuma na wane kamfani? Ku kuma sa ido kan shirin NSDP da NIMASA ta fara a 2008, mai tura matasa karatu ƙasashe irin su Masar da Indiya da Filifin. Duk dillalin da ya ce a kawo kuɗi ya samo wa yaro gurbi, kada ku ba shi sai kun tabbatar yana da rajista da hukumar.