Filin Tambaya da Amsa: Wace ribiriza zan fara saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan Kano ne amma aiki ya kawo ni Jidda, a nan na koyi nutso da silinda a Bahar Maliya, ina da satifiket ɗin PADI, ƙungiyar horar da masu nutso, na mataki na biyu. Kwanaki mun fita da jirgin ruwa daga Obhur sai na ga wani Bature da na'urar nan ta numfashi a ƙarƙashin ruwa, ribiriza, ko kumfa ɗaya ba ya fitarwa, kifi har gabansa suke zuwa, mu iskarmu ta ƙare mun hau jirgi har mun ci abinci shi yana ƙasa abinsa. Tun ranar abin ya tsaya min a rai. Na tara ɗan kuɗi, wacce zan saya? Ni ba zurfi nake nema ba, hoto nake ɗauka.
Mai karatu daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a nema. Kafin a zo maganar wacce, bari mu duba abin da za ka goya a baya.

Silindar da ka saba, shaƙa kake ka fesar, alhali iskar nan oksijin ɗinta kashi 21 ne cikin 100 kuma jikinka kamar kashi 4 ko 5 kawai yake ɗauka, sauran duk ya bi kumfa. Ita ribiriza mayar maka da numfashinka take yi, ya bi ta cikin wani gwangwani mai ƙwayoyin Sofnolime da ke tsotse kabon dayoksaid, sannan ta ƙara maka oksijin daidai abin da ka ƙona. Shi ya sa da 'yan silinda biyu masu lita 2 ko 3 mutum zai yi awa uku a ƙasa, iskar da ɗumi da laima, maƙogwaro ba ya bushewa, kifi kuma ba ya gudu. Ga mai hoto gaskiya abin akwai daɗi.

To amma fa inda gizo ke saƙa, silinda in ta samu matsala nan take ka sani don iska ce za ta yanke, ita kuwa wannan za ka ci gaba da numfashi lafiya lau alhali abin da kake shaƙa ya riga ya lalace. Yawanci ana saita matsin oksijin da kake shaƙa a lamba 1.3 a ma'aunin na'urar, in ya faɗo ƙasa da 0.16 kana iya suma ba sallama, in ya haura 1.6 jijjiga na iya kama ka bakin na'urar ya suɓuce, in kuma Sofnolime ya gaji ko ba a danƙara shi da kyau ba kabon dayoksaid ya taru, kai ya sara, numfashi ya riƙa sama-sama, tunani ya rikice. Wani likita ɗan Ostireliya, Andrew Fock, ya bi diddigin mutuwar mutum 181 masu ribiriza daga 1998 zuwa 2010, ya ƙiyasta haɗarin ya kai kusan ninki goma na silinda. Ba don in tsorata ka na kawo wannan ba, so nake ka gane dalilin da zan ce ka fara neman malami tukuna.

Horon ribiriza na kowace na'ura daban ne, satifiket ɗin wata ba ya ba ka izinin goya wata. Saboda haka ka zagaya shagunan nutso na Jidda ka tambaya: wace na'ura kuke koyarwa, wa ke sabis ɗinta, ina ake cika zallar oksijin, ina ake samun Sofnolime da sensa mai auna oksijin? Wadda ka samu amsar duka a kanta, ita ce taka. Kamar mota ce, komai kyanta in babu bakanikenta da kayan gyaranta a garinku ajiye ta za ka yi. In Jidda ba ta wadatar ba, Dahab da Sharm el-Sheikh a Masar ba nisa, akwai malamai da yawa kuma ana yin nutson gwaji na yini guda, ka gwada biyu ko uku kafin ka zare ko riyal ɗaya.

Yanzu sunaye. Poseidon SE7EN ta Suwidin don irinku aka yi ta, da kanta take gwada kanta kafin a shiga ruwa, gwangwanin ƙwayoyinta a shirye ake sayensa ba sai ka cika ba, sai dai tsadar gwangwanin da wahalar samunsa a wasu wurare. Mares Horizon rabi da rabi ce tsakanin silinda da ribiriza, naitroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, take amfani da shi ba zallar oksijin ba, tana ɗan fitar da kumfa kaɗan, ta fi sauƙin sha'ani amma ba za ta ba ka shirun nan da ka gani wajen Baturen ba gaba ɗaya. Inspiration ta kamfanin AP Diving na Ingila tun 1997 take kasuwa, malamanta da kayanta sun bazu ko'ina, kuma in gaba ka so zurfi ba sai ka canza ba, ni in ka samu malaminta kusa ita zan nuna maka. JJ-CCR ta Denmak ƙarfe ce mai ƙwari amma da nauyi, ta 'yan zurfi ce, ba yanzu ba. Kowacce dai ka duba tana da shaidar gwajin Turai EN 14143.

Kuɗi kuwa, irin su Inspiration da JJ sabbi ka shirya dala 8,000 zuwa sama, ban da horo, ban da silindar ko-ta-kwana da za ka rataya a gefe. PADI na neman shekara 18, satifiket ɗin naitroks da nutso 25 kafin kwas ɗin farko, kuma mita 18 za a tsayar da kai, don haka ka shirya komawa ɗan koyo. Dabarar nan ta shaƙa ka ɗan taso ka fesar ka ɗan sauka, wadda masu hoto ke ji da ita, ba ta aiki a ribiriza sam.

Sai ka tambayi kanka, za ka iya zama daren jajibiri kana zuba ƙwayoyi kaɗan-kaɗan kana bubbuga gefen gwangwani har su zauna daram, kana bin takardar dubawa layi-layi, da safe ka zauna minti biyar ka toshe hanci kana numfashi a na'ura kana kallon lambobi yayin da abokai ke kiranka ka yi sauri? In kai mai gaggawa ne, ko sai bayan wata uku kake shiga ruwa, ka sayi babbar silinda da naitroks ka huta.

TAMBAYA: Malam na ga ta hannu a intanet rabin kuɗi, in ɗauka?
Mai karatu daga Fatakwal

AMSA: Ana saye, amma ba kai kaɗai ba. Ka tabbata kamfanin na nan yana yin kayanta, don akwai irin su Hollis Explorer da aka daina ƙerawa. Malaminka ya buɗe ta ya gani, a kai ta sabis, sensa kuma ka zubar da na ciki ka sa sabbi, dama shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi ake canza su, zafi kuma yana saurin kashe su, kar ka bar ta a but ɗin mota da rana. Ka haɗa kuɗin wannan duka da na aikowa da kwastan ka ga ko har yanzu rabin kuɗin ne.